Kaskon Mai da Hanyoyin Baƙin Mai a Motar Turbo: Me Za a Sauya, Me Za a Bari?



Gabatarwa

Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa ya shafi wani ɓangare na mota wanda ido ba ya ganinsa sai an durƙusa, watau kaskon da baƙin mai yake taruwa a cikinsa a ƙarƙashin inji, tare da famfo da bututai da sauran kayan da suke kai man nan inda ake bukatarsa. Na keɓe maganar ga mota mai turbo wadda ake hawa a kan titi yau da kullum, ko dai ta fito da turbo daga kamfani, ko an ƙara wa turbon nata ƙarfi, ko kuwa an ɗora mata shi daga baya. Motar tsere tana da nata hukunci, ba za mu taɓo ta ba sai domin kwatance.

Dalilin da ya sa batun ya cancanci zama irin wannan shi ne, motocin da suke shigowa kasuwanninmu a yanzu, sababbi da na hannu, da yawansu ƙananan injuna ne masu turbo. Ma'aikacin da ya tara albashin shekaru ya sayi irin wannan mota, da ɗalibin injiniya wanda gobe za a kawo masa ita ya duba, dukkansu suna fuskantar tambaya guda: a cikin kayan ƙari da ake tallatawa, wanne ne yake kāre inji, wanne ne kuma yake cin kuɗi kawai? Amsar da zan kafa hujja a kanta ita ce, abin da injin turbo yake nema daga baƙin mai shi ne ya iso ba yankewa, da tsabtarsa, da zafi daidai gwargwado. Duk kayan da bai taimaka wa ɗaya daga cikin ukun nan ba, to ado ne. Kuma ba a sanin wanda ya gaza a cikinsu sai an auna.

Nauyin da Turbo Yake Ɗora wa Mai

Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi shi ne ya yi rajistar dabarar turbo a shekarar 1905, amma ba ta shiga motocin hawa na kasuwa ba sai a 1962, sa'ad da aka fito da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder a Amurka. Daga nan sai BMW 2002 Turbo a 1973, da Porsche 911 Turbo a 1975, da Saab 99 Turbo a 1978. Dabarar kuwa mai sauƙin fahimta ce. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi yake juya wata farfela, farfelar kuma tana haɗe da wata 'yar'uwarta ta hanyar siririn sanda, ita ta biyun sai ta cusa iska cikin inji da ƙarfi. Ƙarin iska yana ba da damar ƙona ƙarin fetur, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba.

To, ku dubi halin da sandan nan yake ciki. Yana iya juyawa sau 200,000 a minti guda, watau fiye da sau 3,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali kiranshaf na inji, idan yana juyi 6,000 a minti, sau 100 kacal yake yi a daƙiƙa. A ɗaya ƙarshen sandan hayaƙi ne mai zafin da yake kaiwa digiri 900 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyas idan an taka injin fetur sosai. Abin da ya raba sandan da gidansa ɗan shafin mai ne wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Man nan shi ne yake ɗauke da sandan, shi ne kuma yake kwashe zafin da ya taso daga ɓangaren hayaƙi.

Har ila yau, turbo yana ƙara wa sauran inji nauyi. Matsin da yake cikin silinda yana ƙaruwa, saboda haka boris na kiranshaf, waɗanda makanikai suke kira metal, suna ɗaukar duka mai tsanani fiye da na injin da ba shi da turbo. Kan fistan yana ƙara zafi, shi ya sa yawancin injunan turbo suke da 'yan bututai masu fesa mai a ƙarƙashin fistan domin su sanyaya shi, zafin kuwa cikin mai yake komawa. Hayaƙin da yake sulalewa ta gefen ringi zuwa cikin kasko shi ma yana ƙaruwa, yana gurɓata mai yana kuma ƙara matsi a cikin gangar inji. Ga shi kuma lita huɗu ko biyar ne kawai suke wannan hidima. Famfon injin silinda huɗu yana iya tura lita 30 ko fiye a minti idan inji yana gudu sosai, ma'ana man da yake cikin kasko yana zagayawa kaf cikin daƙiƙoƙi ƙalilan. Wannan lissafi shi ne zai nuna muku cewa yankewar mai ta daƙiƙa biyu ko uku ba ƙaramin al'amari ba ce.

Darasi Daga Injin 1.8T

Domin kada maganar ta tsaya a kan lissafi, bari mu ɗauki misali wanda ya faru. Kamfanin Volkswagen ya ƙera wani inji mai lita 1.8 da turbo, wanda ake kira 1.8T, ya sa shi a Audi A4 da Volkswagen Passat tun daga wajen tsakiyar shekarun 1990, kuma motocin nan sun shigo ƙasashenmu da yawa a cikin na hannu. A waɗannan motoci biyu kaskon injin ƙarami ne, man da yake ɗauka bai cika lita huɗu ba. A Amurka, inda masu mota da yawa suke zuba man da ba sintetik ba, zafin turbo ya riƙa dafa man yana mai da shi baƙar laka da ɓarɓashin gawayi. Ɓarɓashin yakan taru a kan rariyar da take bakin bututun tsotso a cikin kasko, ya toshe ta sannu a hankali, sai famfo ya rasa abin da zai ja, inji ya buga. Abin ya yi yawa har a shekarar 2004 kamfanin ya tsawaita garantin injunan zuwa shekara 8 a kan wannan matsala, ya wajabta amfani da man sintetik mai cika ƙa'idarsa ta VW 502 00, ya kuma sauya filtar mai da wadda ta fi girma.

Abin lura a nan shi ne, motocin nan ba tsere suke yi ba, zuwa ofis da kasuwa suke yi. Famfonsu bai gaza ba, turbonsu kuma ba a ƙara masa ƙarfi ba. Ƙarancin mai a kasko, da zafi, da man da bai dace ba, su ne suka haɗu suka toshe wata rariya wadda ba ta fi tafin hannu ba. Maganin da kamfanin ya kawo shi ma ba famfo mai ƙarfi ba ne. Wannan darasi shi zai yi mana jagora a sauran maganar.

Awo Kafin Saye

Fitilar mai da take kan dashbod ba ma'auni ba ce. A motoci da yawa ba ta kamawa sai matsin mai ya faɗi ƙasa da rabin bar, kuma idan inji yana kan gudu lokacin da ta kama, sau da yawa ɓarna ta riga ta auku. Saboda haka kayan ƙari na farko da ya kamata mai motar turbo ya saya su ne geji biyu, na matsin mai da na zafin mai. Su ne mafi araha a cikin dukkan abin da zan ambata, su ne kuma za su gaya masa ko yana bukatar sauran.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta makanikai wadda take cewa a nemi kimanin bar 0.7 na matsi a kan kowane juyi 1,000 na inji, bayan mai ya yi zafi. Ƙa'ida ce ta kusa-kusa, littafin kamfanin da ya ƙera inji shi ne alƙali, musamman ma da yake wasu injunan zamani suna da famfo mai rage matsi da gangan domin tsimin fetur. Game da zafi kuwa, mai yana aikinsa da kyau tsakanin digiri 90 da 110. Idan ya saba wuce 120 zuwa 130 a tafiya ta yau da kullum, to akwai gyara, domin masana sinadarai sun daɗe da tabbatar da cewa saurin lalacewar mai yana kusan ninkawa a kan kowane ƙarin digiri 10.

A yi awon a inda motar take rayuwa. A bi doguwar hanya da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato yake haura digiri 40, a duba gejin zafi. A shiga cunkoson cikin gari da na'urar sanyi a kunne, a sake dubawa. A zagaya shataletale ko doguwar kwana, wani yana zaune a gefe yana kallon allurar matsi, kada direba ya ɗauke idonsa daga titi. Idan allurar ta yi ƙasa a kwana ko wajen taka birki, sannan ta dawo, matsalar kasko ce. Idan zafi ne ya hau, matsalar sanyaya ce. Idan babu ko ɗaya, to mai mota ya riƙe kuɗinsa.

Hanyar Shiga da Hanyar Fita

Ga wanda ya ɗora turbo a kan injin da bai zo da shi ba, ko ya sauya turbo da wani babba, aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne bututai biyu, wanda yake kai wa turbo mai da wanda yake dawo da shi kasko.

Na shiga siriri ne, faɗin cikinsa milimita 4 zuwa 6, kuma dole ya ɗebo mai daga wurin da ya riga ya ratsa filta. A nisanta shi da bututun hayaƙi, ko a sa masa rigar kāre zafi, domin man da ya tsaya a cikinsa bayan an kashe mota yana iya dahuwa ya toshe shi. Wasu kamfanoni suna sa 'yar rariya a cikin notin da ya ɗaure bututun, ita ma tana toshewa, sai a riƙa duba ta. Turbo iri biyu ne. Akwai wanda sandansa yake yawo a kan mai a cikin bushin, shi wannan yana son mai da yawa, ba a cika takura masa hanya ba. Akwai kuma mai boris na ƙwallaye, wanda mai kaɗan yake bukata. Kamfanin Garrett yana ba da shawarar matsin kimanin bar 3 a bakin irin wannan turbo idan inji yana iyakar gudunsa, kuma ana samun haka ne da ɗan matsattsen rami mai faɗin kimanin milimita 1 a kan hanyar shiga. Wanda ya sa wannan rami a kan turbo mai bushin ba tare da awo ba, ya ɗora masa ƙishirwa da hannunsa.

Na fita shi ne aka fi yin kuskure a kansa. Mai yana shiga turbo da ƙarfin famfo, amma ba abin da yake fitar da shi sai nauyinsa, kuma yana fitowa ne da kumfa, ya ƙara auki. Don haka bututun fita ya zama mai faɗi, milimita 16 ko fiye, ya gangara ƙasa sak ba tare da ya kwanta ko ya lanƙwashe ba, ya kuma shiga kasko a saman inda mai yake tsayawa. Dalili kuwa shi ne, abin da yake tare mai a gefen sandan turbo ɗan ringi ne irin na fistan, an yi shi ne domin ya tare iska da hayaƙi, ba zai iya riƙe man da ya taru ya cika gida ba. Idan hanyar fita ta cushe, sai mai ya tsallaka ringin, mota ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi. Turbo nawa aka cire aka jefar da sunan ya lalace, alhali laifin bututun ne! Kazalika, idan hanyar numfashin gangar inji ta toshe, matsin da ya taru a ciki yana hana mai gangarowa, sakamakon kuwa iri ɗaya ne. Shi ya sa duk wanda ya ƙara wa turbo ƙarfi ya wajaba ya duba bawul ɗin numfashi da tiyonsa. In kuwa za a huda kasko domin a yi wa bututun fita mazauni, a cire kaskon a yi aikin a kan benci a wanke shi tas, domin ɓarɓashin ƙarfe ɗaya ya isa ya karce boris.

Zaɓen Kasko

Yanzu mu zo ga kaskon kansa. Ku ɗauki kwanon sha da ruwa rabi, ku yi tafiya da shi da sauri sannan ku juya, za ku ga ruwan ya haye gefe guda. Haka mai yake yi a cikin kasko. Ilimin kimiyya ya ba mu lissafinsa daidai: idan ƙarfin da yake tura mota gefe ya kai rabin ƙarfin jan ƙasa, fuskar mai tana karkacewa da kimanin digiri 27, in ya kai daidai da shi, digiri 45. Motar titi mai tayoyi masu kyau tana iya kusantar adadi na biyun a kwana mai tsanani ko wajen birki na gaggawa. A wannan lokaci, idan mai ya gudu ya bar bakin bututun tsotso, famfo iska zai ja, iska kuwa ba ta ɗaukar nauyin kiranshaf.

Maganin wannan shi ne shingaye a cikin kasko. Farantai ne na ƙarfe da ake kewaye bakin tsotso da su, wasu da 'yan ƙofofi masu buɗewa ta ciki kaɗai, mai ya shiga amma ya kasa fita da sauri. Bayan su akwai farantin da ake shimfiɗawa tsakanin kiranshaf da mai, domin kiranshaf mai juyi yana tayar da guguwa wadda take kaɗa mai ta cika shi da kumfa. Ga motar titi, shingaye da wannan faranti su ne gyaran da ya fi biyan kuɗinsa, kuma sau da yawa ana iya ɗaura su a cikin kaskon asali ba tare da an sayi sabo ba.

Sai maganar girma. Ƙarin lita ɗaya ko ɗaya da rabi yana da amfani, domin mai ya fi jimawa kafin ya yi zafi, datti ya fi samun inda zai baje, kuma bakin tsotso ya fi nitsewa. Amma a sani cewa babban kasko yana jinkirta hawan zafi ne kawai, ba ya hana shi a doguwar tafiya. Ana samun ƙarin girman ta hanya biyu, ko a zurfafa kasko, ko a yi masa fukafukai a gefe. A kan titunanmu, inda tudun rage gudu da ramuka suka yawaita, kasko mai zurfi haɗari ne. Ƙa'idar ita ce kada kasko ya zama shi ne mafi kusa da ƙasa a jikin mota. A bar ƙarfen da yake ɗauke da inji ya riga shi taɓa ƙasa. Mai fukafukai ya fi dacewa, muddin bai taɓa salansa ko sandan sitiyari ba.

Haka nan abin da aka yi kaskon da shi yana da hukunci. Alminiyam na zubi ya fi fitar da zafi, ya fi tsayawa daram a kan gaskit, amma idan ya daki dutse tsagewa yake yi, mai ya tsiyaye cikin minti kaɗan. Baƙin ƙarfe lotsewa yake yi, kuma mai walda na kowane gari zai iya gyara shi. Sai dai lotsewar ita ma tana da sharri, domin gindin kasko yana iya matsowa ya rufe bakin tsotso. Wanda ya daki wani abu da ƙarƙashin motarsa, ko da bai ga ɗigon mai ba, ya duba gejin matsi kafin ya ci gaba. Wanda kuma ya zaɓi alminiyam, to ya haɗa da farantin kāriya a ƙarƙashi.

Abu na ƙarshe a wannan babi shi ne wanda aka fi mantawa. Kasko da bututun tsotso abokan juna ne, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Tazarar da ake so tsakanin bakin tsotso da gindin kasko ita ce milimita 6 zuwa 10. In ta yi kaɗan, famfo ya shaƙe. In ta yi yawa, an yi asarar zurfin da aka saya. Hanyar aunawa kuwa ba ta bukatar na'ura: a rufe rariyar da leda, a ɗora ɗan curin yumɓu a kanta, a ɗaura kasko da gaskit ɗinsa, a sake cirewa, a auna kaurin yumɓun da ya baje. Bayan an gama, a zuba mai da awo, a sake yi wa sandan duba mai alama, domin tsohuwar alamar ta tsohon kasko ce. Cika mai fiye da kima ba alheri ba ne, yana kai shi ga kiranshaf ya kaɗa shi, yana kuma iya nutsar da bakin bututun da yake dawowa daga turbo.

Famfo da Na'urar Sanyaya Mai

Masu sayar da kaya sun fi son su fara da famfo mai tura mai da yawa, domin sunansa yana da daɗin ji. Irin wannan famfo yakan ƙara kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100 a kan na asali. Yana da wurinsa, wato a injin da aka sake ginawa da tazara mai faɗi a boris, ko wanda aka ƙara masa masu fesa wa fistan mai da na'urar sanyaya da dogayen tiyo, har geji ya nuna matsi ya ragu. A injin da matsinsa yake daidai kuwa, rarar man bawul ɗin rage matsi ne zai mayar da ita, bayan an ɓata ƙarfin inji an kuma ƙara wa mai zafi. A wasu injuna ma yana tara mai a saman inji fiye da yadda ramukan dawowa za su iya saukar da shi, sai ƙaramin kasko ya ragu a daidai lokacin da ake bukatarsa. Idan kuma matsi ya faɗi saboda boris ya cinye, babban famfo rufa-rufa ce, ciwon yana nan.

Na'urar sanyaya mai ita ce ta fi dacewa da yanayinmu, amma ita ma sai geji ya nemi a sa ta. Iri biyu ce. Akwai wadda ruwan lagireto yake ratsawa, wadda yawancin motocin turbo suke fitowa da ita; tana ɗumama mai da wuri da safe, tana kuma sanyaya shi da rana, sai dai tana ɗora wa lagireto ƙarin aiki. Akwai kuma mai kama da ƙaramin lagireto wadda ake ɗaurawa a gaban mota iska tana dukanta, irin waɗanda kamfanonin Setrab da Mocal suke yi. Wanda zai sa ta biyun ya haɗa ta da bawul mai buɗewa da zafi, wanda ba ya barin mai ya bi ta cikinta sai ya kai wajen digiri 80. In ba haka ba, da sanyin hunturu mai ba zai yi zafin da zai kori ruwa da fetur da suka shiga cikinsa ba, sai laka ta taru. Kowane tiyo da kowane mahaɗi da aka ƙara wuri ne da zai iya yoyo, don haka a sayi masu kyau, a ɗaure su nesa da abin da zai goge su, a kuma riƙa wanke ƙurar da take toshe fuskar na'urar.

Busasshen Kasko da Tulun Ajiya

Akwai tsari wanda ya fi duk waɗannan, shi ne wanda ake kira busasshen kasko. A nan ba a barin mai ya kwanta a ƙarƙashin inji. Wasu famfuna suna kwashe shi zuwa wani dogon tanki na dabam, inda yake rabuwa da kumfa kafin a sake tura shi. Mercedes-Benz 300 SL ta 1954 ta zo da shi, haka Porsche 911 tun farkonta, haka Chevrolet Corvette Z06 ta 2006. Amma waɗannan kamfani ne ya tsara su da shi tun daga takarda. Ɗora shi a kan motar da ba ta zo da shi ba yana bukatar tanki, da famfo mai bel na kansa, da tiyo masu yawa, wani lokaci har sai an sadaukar da na'urar sanyi domin a sami wuri, kuma in bel ɗin nan ya tsinke, inji ya rasa mai nan take. Ga motar zuwa aiki, kuɗi ne mai yawa a kan matsalar da shingaye suka riga suka warware.

Tsaka-tsaki shi ne tulun ajiya, irin wanda ake sayarwa da sunan Accusump. Silinda ce mai riƙe mai lita ɗaya zuwa uku a ƙarƙashin matsi, in matsin inji ya faɗi sai ta tura nata na 'yan daƙiƙoƙi. Tana da amfani ga wanda yake kai motarsa filin tsere jefi-jefi. Wanda ba ya zuwa, ba ya bukatarta.

Man Kansa da Halin Direba

Duk ƙarfen da muka lissafa hidima yake yi wa mai, saboda haka mai marar kyau yana rushe aikin gaba ɗaya. Injin turbo yana son man sintetik, mai kaurin da kamfani ya rubuta. Al'adar zuba 20W-50 a kowace mota da hujjar cewa ƙasarmu tana da zafi ta samo asali ne daga injunan dā masu faɗin tazara. A injin zamani mai siraran hanyoyi, mai kauri yana jinkirin isa turbo da safe. Ƙananan injunan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna da wata cuta ta kansu, inda wuta take kamawa kafin lokacinta idan an taka totur inji yana juyi a hankali, har ta fasa fistan, kuma an gano cewa sinadaran da suke cikin mai suna da hannu a ciki. Domin haka ne cibiyar man fetur ta Amurka ta fito da ma'aunin API SN Plus a 2018, da API SP a 2020, da API SQ a 2025. Mai irin wannan inji ya nemi ɗaya daga cikin alamun nan a jikin galan, ya saya a wurin da ya amince da shi, domin jabun mai yana yawo a kasuwa. Ƙura da zafi da cunkoso kuwa suna cikin abin da littattafan mota suke kira aiki mai tsanani, wanda yake wajabta juye da wuri.

Saura halin direba. Kada a taka mota da ƙarfi kafin mai ya yi ɗumi. Bayan doguwar tafiya da gudu, a sassauta a kilomitocin ƙarshe, ko a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, domin da zarar inji ya tsaya mai ya tsaya, zafin farfela kuwa yana nan yana dafa wanda ya rage a kan sanda. Turbo masu hanyar ruwa, waɗanda suka yaɗu tun shekarun 1980, sun rage wannan haɗari, amma ba su kawar da shi ba.

Kammalawa

Shugaban zama, jama'a masu sauraro, idan aka tambaye ni jerin da mai motar turbo zai bi, ga shi bi da bi. Ya fara da man da ya dace da filta mai kyau. Ya sa geji biyu ya auna. Ya tabbatar da bututun shiga da na fita da numfashin inji. In allurar matsi tana rawa a kwana, ya sa shingaye, ko kasko mai fukafukai tare da bututun tsotsonsa, ya auna tazarar da yumɓu. In zafi ya wuce kima, ya sa na'urar sanyaya mai bawul. Famfo ya zo a ƙarshe, shi ma sai da hujja. Busasshen kasko kuwa a bar wa masu tsere.

Ga ɗalibanmu na injiniya, ina kira da ku ɗauki awon zafi da matsin mai a kan hanyoyinmu da muhimmanci a ayyukanku na ƙarshen karatu, domin kayan nan an tsara yawancinsu ne a ƙasashe masu sanyi da titi mai santsi, mu ne ya kamata mu faɗi yadda suke yi a nan. Ga ma'aikatan da suke kula da motocin hukuma kuwa, idan aka kawo muku takardar neman sabon turbo, ku tambaya ko an duba bututun mai da rariyar kasko, domin turbon da aka ɗaura a kan toshasshiyar hanya zai bi sawun na farko, kuɗin jama'a kuma ya tafi sau biyu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a wannan fage kuwa rigakafin ya fi maganin araha nesa ba kusa ba.